Wa Zai Rubuta Bayanin Littattafanmu?

Yau shirin namu zai leƙa ɗakin karatu, amma ba littattafan za mu buɗe ba. Kundin da ke faɗa maka wane littafi ake da shi, wa ya rubuta, kuma a wace kanta yake, shi za mu duba.

Ga ɗaliba mai karatun kiwon lafiya a Makarfi, ga malamin sakandare a Ikara ko a Hunkuyi ta ƙaramar hukumar Kudan. Littafin da suke nema wataƙila yana Samaru, a Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, wataƙila kuma babu shi. Da kundin yana waya, da sun sani kafin su biya kuɗin mota.

A da, kati ake bugawa da tafireta: ɗaya da sunan marubuci, ɗaya da sunan littafi, ɗaya da fanni. Ma'aikacin Zariya ya buga, na Ibadan ya sake buga nasa, alhali littafin ɗaya ne. A shekarun 1960 wata mata mai suna Henriette Avram, a Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, ta jagoranci tsara MARC, inda kowane bayani ke da lambar gurbinsa: 100 na marubuci, 245 na sunan littafi. A 1967 kwalejojin jihar Ohayo suka kafa OCLC, zuwa 1971 suka fara zuba bayanansu wuri guda, abin da ya zama kundin WorldCat. Aikin gayya ne: wani ya rubuta sau ɗaya, kowa ya ɗiba. Sai dai shiga wannan gayyar da dala ake biya.

Sauƙin ya ɓullo daga inda ba a zata ba. A 1999 ɗakunan karatun gundumar Horowhenua a Niyu Zilan suka ji tsoron tsohuwar manhajarsu za ta rikice da shigowar shekara ta 2000. Suka sa kamfanin Katipo ya gina musu sabuwa, aka kira ta Koha, suka sake ta kyauta, kowa ya ɗauka ya gyara yadda yake so. Yau jami'o'i da dama a Nijeriya da ita suke aiki. A cikinta ma'aikaci zai buga lambar ISBN da ke bayan littafi, manhajar ta bi wata hanyar sadarwa da ake kira Z39.50 ta tambayi manyan ɗakunan karatu, cikin ƙiftawar ido bayanin ya sauko. Sai ya ƙara lambar kanta kawai.

To, masu sauraro, nan gizo ke saƙa. Abin da wani ya zuba shi kaɗai ake ɗiba. Littafin ilimin jinya da aka buga a Landan, bayaninsa na nan jibge. Magana Jari Ce na Abubakar Imam ma za a same shi, domin jami'o'in Turai da Amurka sun daɗe da sayensa. Amma ɗauko littattafan hikaya da suka cika kasuwar Kano tun shekarun 1980. Da yawansu babu ISBN, wasu ko shekarar bugu babu. Ɗauko waƙoƙin ajami da ake kasawa a bakin masallacin Juma'a, ko rubutun hannu da ke cikin gafakar malamai a zauruka. Buga sunansu duk yadda ka so, manhaja za ta dawo hannu rabbana. A Jami'ar Ahmadu Bello an fara tattara tsofaffin rubuce-rubuce tun 1964 a shirin binciken tarihin Arewa, Gidan Arewa na Kaduna kuma yana da nasa tarin, amma abin da ke hannun jama'a ya wuce nan.

Akwai kuma rigimar suna. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a wani kundin Uthman ibn Fudi ne, a wani Usuman dan Fodio. In ba a ɗaure sunayen wuri guda ba, mai nema zai ga rabin littattafan Shehu ya ɗauka ke nan. Haka haruffanmu masu lanƙwasa: wani ya buga da ƙugiya, wani babu, bincike ya raba su.

A ganina, sayen kwamfuta da sola shi ne ɓangare mai sauƙi, shi ya sa aka fi son a yi bikin buɗe shi. Mai wuyar shi ne albashin wanda zai zauna da littafi a hannu, ya iya boko, ya iya ajami, ya rubuta bayanin da ba wanda ya taɓa rubutawa. Koha tana ba rassa da yawa damar zama kan na'ura guda. Ke nan makarantun Ikara da Makarfi da Kudan za su iya haɗa kuɗi su ajiye ɗaya a Zariya, kowace ta shiga ta intanet, su kuma buɗe ƙofar Z39.50 ɗinsu domin na Katsina da Maraɗi su ɗibi abin da suka rubuta.