Littafin "tarihin zuri'a" na sayarwa: abin da suna ba zai tabbatar ba

Shekaru da dama wani kamfani mai suna Halbert's, da ke garin Bath a jihar Ohio ta Amurka, yana aika wa mutane wasiƙa cewa an kammala littafin tarihin danginsu, su turo kuɗi a aiko musu. Idan littafin ya iso, sai mai saye ya tarar da bayanai na gama-gari kan ƙaurar al'ummomi, irin waɗanda kowa ke samu a nasa, sannan dogon jerin masu suna irin nasa da adireshinsu, akasari daga kundin lambobin tarho. Hukumar gidan waya ta Amurka ta umarci kamfanin a 1995 da ya daina yaudara a tallarsa, kuma ya rufe a 1999.

Dabarar ta dogara ne kan zato guda, wato suna ɗaya jini ɗaya. Ko a ƙasar Turawa zaton yana da rauni, balle a ƙasar Hausa, inda sunan ƙarshe yawanci na mahaifi ne ko na gari. Ma'aikacin da ke rubuta Bebeji, Ƙiru ko Doguwa a bayan sunansa garinsu yake faɗa, kamar yadda Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari suka yi. Mutum biyu na iya amsa sunan Tudun Wada, ɗaya Bafillace, ɗaya jikan fatake, ba su haɗa ko da taura ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi, amma zuri'arsa ba da sunan garin aka san ta ba. Saboda haka duk tallar da ta yi alƙawarin salsalar mutum daga sunansa kawai, ta wasiƙa ta zo ko ta WhatsApp, jerin sunaye take sayarwa.

A yankin Tiga neman asali ba abin nishaɗi ba ne. Madatsar ruwan da gwamnatin Audu Bako ta kammala a 1974 ta tayar da ƙauyuka, gonaki da kufai suka nutse, iyalai suka rarrabu. Jikokinsu da suka tashi a Kano ko Abuja su ne suka fi buƙatar sanin tushensu, kuma su ne masu sauƙin ruɗa. Sai dai takarda mai ado ba ta da nauyi a rabon gado, domin alƙali shaidu yake nema. Ƙaramar hukuma ma kan nemi tabbacin mai unguwa, dagaci da hakimi kafin ta ba da takardar shaidar asali.

Rubutattun bayanai na gaskiya suna nan, ko da yake ba su da ƙyalli: rahotannin gundumomi na zamanin Turawa a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da takardun Arewa House, da na Gidan Ɗan Hausa a Kano. Su ma sarakuna da haraji suka fi ambata. Sunan kakan kakan talaka yana bakin tsofaffin gidansu, musamman mata, waɗanda ke riƙe da wa ya auri wa, da kuma daga wane ƙauye aka kawo ta.