Rufe Masana'anta da Gobara: Yadda Ƙwayar Halitta ke Mutuwa

Wanda ya daɗe yana bin hanyar Panshekara zuwa Challawa ya san masana'anta iri biyu take mutuwa. Wata sai a sallami ma'aikata, a kwance injuna, a loda a tirela, a garƙame ƙofa, maƙwabta ba su da labari. Wata kuwa gobara ce: hayaƙi, kururuwa, har katangar maƙwabci sai ta samu rabonta. Ƙananan ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi jikinmu ma haka ajalinsu yake zuwa.

Ta farkon sunanta afoftosis. Kerr da Wyllie da Currie ne suka raɗa mata shi a Jami'ar Aberdeen a 1972, daga kalmar Girkanci mai nufin kaɗewar ganye. Ita ke raba yatsun jariri tun yana ciki, ita ke cinye jelar talibambam kafin ya zama kwaɗo. Kullum biliyoyin ƙwayoyi ke bin wannan hanya a jikinka, ko ƙaiƙayi ba ka ji.

Abin mamakin shi ne mai kaɗa ƙararrawar tashi. Mitokondiriya ce, wato janareton da ke ba ƙwaya wuta. A 1996 Xiaodong Wang da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa wani furotin mai suna saitokurom si, wanda aikinsa na yau da kullum samar da makamashi ne, da zarar ya tsiyayo daga janareton sai ya tada wasu almakasai da ake kira kasfes. Su ke daddatsa furotin ɗin ƙwaya, su kuma sa a daddatsa kayan gadon da ke cibiyarta. Ƙwayar ta tsuke, ta ɗaure kayanta ƙulli-ƙulli, masu shara su zo su haɗiye. Duk wannan aiki wuta yake ci. Masu masana'antun Sharada da Bompai ba sa buƙatar bayani a nan: ko rufe masana'anta cikin mutunci sai da dizal.

Ta biyun kuwa, wato nekrosis, ba ta jiran shiri. Janareto ya mutu farat ɗaya, famfunan da ke fitar da gishiri su tsaya, ruwa ya cika ƙwayar har ta fashe. Laisozom, jakar magungunan narka shara wadda Christian de Duve na Beljiyam ya gano a 1955, ita ma ta yage ta zubar da abin cikinta. Daga nan sai ja da zafi da kumburi.

Duka biyun ana ganinsu a kamfanonin jima na Challawa. Dubi hannun leburan da ke tsamo kiraga daga ruwan tuge gashi ba safa: tsakanin yatsu ya yi fari, ya saɓule, yana tsatstsafo da ruwa. Gobara ke nan, ba ta ɓuya. Sinadarin kuromiyam da ake jima da shi kuwa labarinsa daban. Wanda aka fi amfani da shi ba ya ratsa ƙwaya da sauƙi, amma yakan rikiɗa ya koma wani nau'i mai dafi da ke shiga ta ƙofar da aka tanada wa wasu gishirai, ya ɓata kayan gado. In an yi sa'a, mitokondiriya ta kaɗa ƙararrawa, ƙwayar ta rufe kanta. In ba a yi ba, ta ci gaba da haihuwa da lahaninta, kuma asalin ciwon daji ke nan.

Kada dai a zalunci nekrosis. Kumburin nan shi ke kiran sojojin jini su zo gyara, shi kuma ke kai mutum asibiti da wuri. Afoftosis ma in ta wuce gona da iri a ƙwaƙwalwa, ɓarna take yi. Amma ni na fi tsoron rufewar da ya kamata a yi ba a yi ba, don ba ta da hayaƙi, sai bayan shekaru take bayyana.

Mai kamfanin jima, ka saya wa yaranka safar hannu da takalmin roba, ka kuma tace ruwanka kafin ka sake shi Kogin Challawa. Da shi masu lambu ke ban ruwan latas da tumatur.