Wa Zai Tsare Mai Tsaron Iyaka?

Gidan Rumji na bisa babbar hanyar da ta taso daga Yamai, ta ratsa Ƙonni da Madawa, ta nufi Maraɗi. Yamma da kudancin gundumar sai ƙasar Nijeriya: Sabon Birni da Isa, na jahar Sakkwato. Gobirawa nan, Gobirawa can, ba katanga tsakani. Ta hanyoyin dajin nan ƴan sumoga ke shigo da man fetur da ƙwayar taramol, ta nan kuma mutane ke ƙetarawa ba takarda. Sanin kowa ne ba kowane kaya ke wucewa a ɓoye ba. Wani a gaban mai kaki yake wucewa, bayan an gaisa da hannun dama. Abin da ake gardama a kai shi ne ko ya dace a gurfanar da irin wannan jami'i gaban alƙali.

Nijar ta taɓa gwadawa. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da Arlit, akasarinsu mata da yara ƴan Kance. Cikin watan Mayu na 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 wadda ta haramta safarar baƙin haure, kuma a 2016, bisa matsin Tarayyar Turai, aka shiga kame: an tsare direbobi, an ƙwace motoci, har jandarmomi 9 suka shiga hannu kan zargin cin hanci.

Masu goyon bayan hukunci na ganin jami'in da ya sayar da shingensa ya fi ɗan sumoga laifi, domin shi aka ba amana. Masu kāre su kuwa na da hujjar da ba a iya turewa da hannu ɗaya. Binciken da hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA ta yi a 2013 kan hanyar Agadas ya nuna jami'ai ba su musa karɓar kuɗi ba, sai dai sun ce da su suke sayen mai da gyaran motocin sintiri. Ke nan gwamnatin da ta tura mutum daji ba guzuri ita ce kuma za ta kai shi kotu. Ga shi kamun ya tsaya kan ƙanana, alhali ƙwaya ba fataucin talaka ba ce: a watan Janairu na 2022 magajin garin Fashi aka kama da hodar iblis fiye da kilo 200.

A Gidan Rumji lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Tun 2019 dubban mutane suka gudo daga Sakkwato da Zamfara saboda ƴan bindiga, aka tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka. Mai gudun ceton rai da mai ɗauke da ƙwaya hanya guda suke bi, kuma jami'in da ake zargi da karɓar na goro shi ne dai ake kira da tsakar dare idan ɓarayin shanu sun faɗo wa ƙauye. Talakan da ke jin haushinsa da rana ba ya fatan a ɗauke shi.

A watan Nuwamba na 2023 Janar Abdurahaman Tiani ya soke dokar 2015, aka kuma shafe hukunce-hukuncen da aka yanke a ƙarƙashinta. Dokar hana fataucin ƙwaya da ta cin hanci kuwa ba su cikin abin da aka soke.