Layin Elizabeth: Jirgin da Ba a Tambayar Lokacin Zuwansa

Tun ƙarni na 19, yawancin layukan dogon da ke shigowa Landan daga garuruwan kewaye a bakin tsakiyar birni suke tsayawa. A da, wanda ya fito daga yamma, Paddington ce tasharsa ta ƙarshe. Wanda ya fito daga gabas kuwa, a Liverpool Street yake sauka. Mai son ratsa birnin dole ya gangara ƙarƙashin ƙasa, ya cusa kansa cikin ƙananan jiragen cikin gari, wani lokaci ya sauya jirgi kafin ya isa wurin aiki. Layin Elizabeth, wanda aka buɗe a ranar 24 ga Mayu, 2022, an gina shi ne don a ɗinke wannan ɓaraka.

An haƙa tagwayen ramuka a ƙarƙashin tsakiyar birnin, jimillar tsawonsu kilomita 42, aka haɗa tsohon layin yamma da na gabas. Yanzu jirgi yakan taso daga Reading ko daga filin jirgin sama na Heathrow, ya nutse ƙarƙashin Paddington, Bond Street, Farringdon da Whitechapel, ya fito ta ɗaya gefen ya nufi Shenfield ko Abbey Wood. Layin ya wuce kilomita 100, yana da tashoshi 41. Dabarar ba sabuwa ba ce. Birnin Munich ya yi irinta a 1972, Paris kuma ta haɗe layinta na RER A a 1977.

Sai dai abin da ya sa mutanen Landan suka rungumi layin shi ne yawan jiragen. Tun watan Mayun 2023, a lokutan cunkoso jirage 24 ne ke wucewa ta tsakiyar layin cikin awa ɗaya a kowane ɓangare, wato jirgi ɗaya kowane minti biyu da rabi. Wanda ya taɓa zaman jiran mota ta cika a tasha ya san yadda jira ke cinye yini. Idan kuwa mutum ya tabbata cewa in ya rasa wannan jirgi wani yana bayansa, ba ya buƙatar duba jadawali, ba ya fita gida da fargaba, kuma yana iya karɓar aiki a unguwar da a da ya ga ta yi masa nisa. Mai shago yana iya ajiye motarsa a gida. Ga jama'a, wannan tabbaci ya fi saurin jirgin kansa daraja.

Cimma wannan yawa ba abu ne mai sauƙi ba. Kowane jirgi yana da taragu tara, tsawonsa ya kai mita 200, yana ɗaukar fasinjoji har 1,500. Dole mutane su shiga su fita cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, shi ya sa aka yi ƙofofi masu faɗi, aka kuma sa bangon gilashi a bakin dandamalin tashoshin ƙarƙashin ƙasa, wanda ƙofofinsa ke buɗewa daidai da na jirgin. A tsakiyar layin kwamfuta ce ke kula da tazarar da ke tsakanin jirgi da jirgi. Amma da zarar jirgin ya fito sarari ya hau tsohon layi, sai ya koma ƙarƙashin wani tsarin sigina daban, reshen Heathrow kuma yana da nasa na uku. Sa jirgi ɗaya ya riƙa fahimtar harsunan sigina uku yana tafe ba tare da ya tsaya ba, nan ne aikin ya cije.

An fara gini a 2009, aka yi alƙawarin buɗewa a Disambar 2018. Watanni kaɗan kafin ranar aka sanar da cewa ba za a iya ba. Kuɗin da aka ƙiyasta, fam biliyan 14.8, ya haura zuwa kusan biliyan 19. Abin lura shi ne haƙar ramin, wadda kowa ke tsoro, an gama ta tun 2015. Tashoshin da ba a kammala ba da na'urorin sigina su suka ci shekarun. Kuɗin kuma ba gwamnatin ƙasar kaɗai ta biya ba. An ɗora wa manyan kamfanonin Landan ƙarin haraji na musamman, bisa hujjar cewa su ne za su fi cin moriyar ma'aikata da abokan ciniki da jirgin zai kawo musu.

Haƙar ta tono tarihi ma. A kusa da Liverpool Street an gano dubban ƙasusuwan mutane a wata tsohuwar maƙabarta, ƙasar da aka kwaso kuwa, tan miliyoyi, an kai ta tsibirin Wallasea a Essex aka mai da wurin mafakar tsuntsaye.

Duk da tsaikon, fasinjoji sun zo fiye da yadda aka zata. Layin yana ɗaukar tafiye-tafiye sama da miliyan 200 a shekara, har Liverpool Street ta ƙwace wa Waterloo matsayin tashar da ta fi kowace cunkoso a Birtaniya.

Mu ma muna da abin dubawa a nan. An ƙaddamar da jirgin cikin birnin Abuja a Yulin 2018, ya tsaya a 2020, aka sake buɗe shi a Mayun 2024. Legas ta buɗe layinta mai shuɗi daga Marina zuwa Mile 2 a 2023, ana kuma ta maganar jirgin cikin gari a Kano. Idan mai neman ƙuri'a ya zo da alƙawarin jirgin ƙasa, kada a tsaya a kan kilomita nawa za a shimfiɗa. A tambaye shi ta waɗanne unguwanni da kasuwanni layin zai bi, jirage nawa za su wuce cikin awa ɗaya, kuma wa zai biya kuɗin gudanar da su bayan an yanke kirtani.