Tashoshin Hasken Rana da Haƙƙin Ƙananan Halittu



'Yan uwa, tun da tashar hasken rana ta Gorou Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ta fara aiki a 2023, muke murna, don mun san wahalar rashin wuta. To amma filin da ake shimfiɗa allunan nan ba kango ba ne. Akwai masu gida a ciki: tururuwa, gara, ƙudan zuma, gizo-gizo da buzuzu.

Babbar cutar tana zuwa tun kafin a kafa allo ko ɗaya. Idan katafila ta kankare ƙasa, ta tuge sabara da geza, gidajen tururuwa da na gara sun rushe, furen da zuma ke sha ya tafi. Kuma manomin Tawa ya san amfanin gara: idan ya haƙa tassa a fako ya zuba taki, ita ke huda ƙasa har ruwan sama ya shige. Ta tafi, ƙasa ta ƙeƙashe.

Cuta ta biyu ruɗi ce. Allon yana ƙyalli kamar tabki, sai ƙwarin da ke haihuwa a ruwa, irin su mazari, su zuba ƙwai a kansa, rana ta ƙone su. A Ivanpah, cikin hamadar Mojabe ta Amurka, inda madubai ke tara haske kan hasumiya, hasken na jawo ƙwari su ƙone, tsuntsayen da ke bin su ma su halaka.

Ai addini bai bar mu a duhu ba. Surori uku na Alƙur'ani sunan irin waɗannan halittu suke ɗauke da shi: Nahli, Namli da Ankabut. Bukhari ya ruwaito cewa tururuwa ɗaya ta ciji wani annabi, ya sa aka ƙone gidansu, Allah Ya zarge shi a kan halaka al'umma mai tasbihi.

Ba cewa muke a bar sola ba. Idan aka zo neman fili a garinku, ku roƙi a zaɓi wanda ya riga ya mutu, a datse ciyayi maimakon a kankare ƙasa, kada a fesa maganin ƙwari barkatai. Inuwar allunan ma tana riƙe laima, ciyawa ta tsiro, ƙwari su dawo.

Allah Ya sa mu cikin masu riƙon amana.