Kashe fitilar gargaɗin mota: Algus ɗin da ya kamata 'yan kasuwar Mirriya su sani

Garin Mirriya, wanda ke da tazarar kusan kilomita 20 gabas da birnin Damagaram a kan babbar hanyar da ta wuce Gure har zuwa Diffa, gari ne da kasuwancinsa ya dogara ƙwarai da mota. Duk ranar Lahadi da kasuwar garin ke ci, a mota ake shigo da hatsi da dabbobi, a mota kuma ake fita da kayan lambu da tukwanen da aka san garin da su, wasu zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, wasu har Kano. Don haka lafiyar mota ba matsalar direba ba ce shi kaɗai. Matar da ta loda kwandunan tumatir, idan mota ta mutu da ita a daji cikin rana, ita ce za ta kwana da asara.

To, akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a harkar motocin hannu a Afirka ta Yamma, wadda ya kamata duk mai niyyar zuba jarinsa a mota ya san da ita, wato kashe fitilar gargaɗin inji ba tare da an gyara abin da ya kunna ta ba.

A zamanin tsohuwar Fijo 504 mai kafireto, kunnen bakanike shi ne na'urar bincike. Motocin yanzu kuwa suna da 'yar kwamfuta, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota. Ita ce ke auna iskar da ke shiga inji, da man da za a fesa, da zafin ruwa, da hayaƙin da ke fita ta salansa. Da zarar ta ga wani abu ya kauce, sai ta ajiye lambar laifin a cikinta, sannan ta kunna wata fitila mai ruwan ɗorawa mai siffar inji a gaban direba. Tun daga 1996 Amurka ta wajabta wannan tsari da ake kira OBD-II a motocin da ake sayarwa a ƙasarta, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, daga baya na gas. Shi ya sa a ƙarƙashin sitiyarin irin waɗannan motoci za a tarar da wani soket mai ramuka 16, inda ake jona na'urar karanta laifi.

Kowace lamba da ma'anarta. P0300 na nufin inji na tsallake wuta. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa. P0420 kuwa na nufin tukunyar tace hayaƙi, wadda a Najeriya ake yi wa laƙabi da "indomi", ba ta aiki yadda ya kamata, ko kuma ma babu ita.

Wannan tukunya ita ce tushen rabin maganar. A cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam, saboda haka akan yanke ta a sayar, wani lokaci tun kafin mota ta iso hannun mai saye. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 zuwa 2018 an fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Idan aka cire tukunyar, ƙwaƙwalwa za ta gane, fitila ta kama. Mota mai fitila a kunne kuwa ba ta kuɗi a kasuwa, daga nan sai a shiga neman yadda za a rufe mata baki.

Hanyoyi uku ake bi. Ta farko ita ce goge lambar da na'ura, ko cire kan batir na ɗan lokaci. Fitilar za ta mutu, amma bayan an yi tafiya ta kwana ɗaya ko biyu za ta dawo, lokacin an riga an biya kuɗi. Ta biyu ita ce buɗe gaban mota a cire ƙwan fitilar ko a liƙe shi da baƙin salatif. Ta uku, wadda ta fi wuyar ganewa, ita ce shiga cikin ƙwaƙwalwar da kwamfuta a sauya rubutun da ke cikinta, a umurce ta da ta daina kai ƙarar laifi kaza. Masu wannan sana'a kan haɗa da alƙawarin ƙara wa mota ƙarfi ko rage mata shan mai.

Gaskiya ne akwai inda aikin ke da hujja. Idan an sauya wa mota inji da wanda ba irin nata ba, ƙwaƙwalwa za ta yi ta neman wani sashe da babu shi, fitila ta zauna a kunne dare da rana, har direba ya kasa gane ranar da sabon laifi ya zo. A nan ƙwararre kan kashe wannan lamba guda ɗaya tak, ya kuma faɗa wa mai mota abin da ya yi. Matsalar ita ce mai gaggawa, wanda zai kashe lambobi rututu don kada a dawo masa da aiki.

Illar farko a aljihu take. Idan na'urar da ke shinshina hayaƙi ta lalace, ƙwaƙwalwa kan riƙa fesa mai fiye da ƙima, mai mota ya yi ta sayen mai yana zargin direba da sata. Illa ta biyu ta fi muni. Motoci da dama idan suka ga babban laifi sukan rage wa kansu ƙarfi da gangan don su kare inji har a isa gareji. In aka kashe wannan kariya, laifin da filogi ko koyil ɗaya zai gyara sai ya kai ga sauke inji. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, ga man kwalba na bakin hanya da wani lokaci kan zo da datti ko ruwa, waɗanda duk fitilar ce ke fara tona su. Illa ta uku ta lafiya ce. Motar da ba ta da tukunyar tacewa tana fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi, kuma masu shaƙarta su ne mata masu talla a tasha da fasinjojin kujerar baya idan salansa na yoyo.

Kada a ɗauka ƙananan gareji kaɗai ke wannan. A watan Satumba na 2015 hukumomin Amurka suka bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya sanya wa motocinsa na gas wata dabara da ke ɓoye yawan hayaƙinsu lokacin gwaji, kuma kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya.

To, yaya mai saye zai kare kansa? Da farko a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba. Dole ne fitilar ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Na biyu, a je da bakaniken da aka yarda da shi mai na'ura, ba na mai sayarwa ba, a ce ya duba ko ƙwaƙwalwar ta kammala gwaje-gwajenta. In ta nuna ba ta kammala ba, alama ce ba a daɗe da goge laifi ko cire batir ba. Na uku, tun da wadda aka sauya wa rubutu tana iya tsallake waɗannan gwaje-gwaje biyu, sai a leƙa ƙarƙashin mota a ga ko akwai sabuwar walda a salansa, a kuma yi doguwar tafiya da ita, kamar daga Mirriya zuwa Damagaram a dawo, ana lura da hayaƙi da zafi da shan mai. Hajiyar da ta ba direba mota kuma ta riƙa duba fitilar da idonta. In aka ga tana ƙyaftawa, a tsaya a nemi bakanike, ba a ci gaba da tafiya a haka.

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin algus, wato a jera manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Kashe fitila don a sayar da mota bai da maraba da wannan. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma kuɗin da za a ba mai na'ura ya duba mota bai kai ko kusa da kuɗin inji ba, balle na kayan da za su lalace a hanya. Allah Ya kiyaye mana dukiyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya.