Darasin Teku a Gefen Gulbin Rima

Makarantar tana arewa maso gabas da birnin Sakkwato, a kan wani tudu da in ka tsaya bakin ƙofarta za ka hango fadamar Rima da gonakin albasa. Sakandaren gwamnati ce ta jeka-ka-dawo, maza da mata. Azuzuwa jere biyu ne masu rufin kwano, ga rijiyar burtsatse a tsakar fili, ga itatuwan dogonyaro da malamai ke fakewa a ƙarƙashinsu in rana ta take. Yawancin ɗaliban 'ya'yan manoma ne da masunta da makiyaya. Ruwa mafi girma da suka taɓa sa wa ido shi ne madatsar Goronyo. Daga nan zuwa gaɓar teku a Legas kuwa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce.

Duk da haka, manhajar bayoloji ba ta yi musu rangwame ba. A babbar sakandare dole ne su karanci mazaunin halittun ruwa, wato ruwan daɗi, da ruwan gishiri, da mahaɗar kogi da teku, kuma WAEC da NECO suna tambaya a kai. A makarantu da yawa yadda ake yi sananne ne: malami ya cika allo, yara su kwafa, su haddace sunayen sassan teku da Turanci, ranar jarrabawa su juye wa takarda, washegari su manta. Malamin bayoloji na wannan makaranta, wanda ya yi hidimar ƙasa a wani gari na gaɓar teku a kudu, ya ƙi bin wannan hanya. Ɗakin gwaje-gwajensu ba shi da abin kirki in ban da kwalabe 'yan kaɗan da wani tsohon ma'auni, saboda haka kayan aikinsa daga kasuwa da bola yake samo su.

Da gishiri yake farawa. Ya fasa ledar fiya wata biyu a kwano, lita ɗaya ke nan, ya auna gishiri giram 35 ya zuba, ya motsa. Wannan shi ne matsakaicin gishirin ruwan teku. Kowane ɗalibi ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, aji ya kaure da tofar da yawu da dariya. Daga nan sai ya faɗa musu cewa teku ya rufe kusan kashi 71 cikin 100 na doron duniya, kuma kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya duka irin wannan ne da suka kasa haɗiyewa. Yaron da ya tashi yana jan guga ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane darajar ɗan ragowar da ake sha.

Ranar darasin matsin ruwa, malam ya gayyato wani dattijo Basarke, wanda jikarsa ke ajin. Dattijon ya zauna a kan benci, ya ba su labarin yadda suke nutso su ciro tarwaɗa daga cikin rami, da yadda kunne ke soma zafi tun mutum bai yi nisa ba. Wani ɗalibi ya ce, "Baba, ruwa na ka shiga kunnen?" Dattijon ya girgiza kai, ya ce ba shiga yake ba, dannawa yake. Malam ya ɗauko gorar roba da ya huda wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ya cika ta da ruwa. Hudar sama ta riƙa ɗiga a kasalance, ta ƙasa kuwa ta yi tsartuwa har kan takalmin 'yan layin gaba. Ya ce abin da Baba yake ji a kunnensa ke nan: duk mita 10 da ka ƙara nutsewa, nauyin da ke kanka yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar sararin samaniya gaba ɗaya. Ya ƙara da cewa numfashin da ke dawo da Baba sama shi ne ya daɗe yana taƙaita masu nutso, kuma a 1943 ne wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Émile Gagnan, suka haɗa na'urar da mutum zai goya tulun iska a baya ya riƙa shaƙa yana yawo a ƙarƙashin ruwa ba tare da igiya ko tiyo daga sama ba.

Darasin da tsofaffin ɗalibai suka fi tunawa shi ne na igiya. Ana fitowa filin ƙwallo da igiyar guga mai tsawon mita 11, a shimfiɗe ta a ƙasa, a ce kowane santimita ɗaya yana matsayin mita 10 na zurfi. Wata ɗaliba ta ɗaura jan ƙyalle a santimita 20, wato mita 200. Iyakar inda hasken rana ke isa da ƙarfin da tsiro zai rayu ke nan, kuma a wannan ɗan taki ƙananan tsirran da ido ba ya gani suke shawagi, waɗanda ke samar da kusan rabin oksijin da duniya ke samarwa. A mita ɗaya na igiyar, wato zurfin mita 1,000, aka ɗaura baƙin ƙyalle: daga nan babu sauran hasken rana ko kaɗan, sai hasken da halittun wurin ke fitarwa daga jikinsu don farauta ko neman juna. A wajen mita 3.7 aka sa dutse, matsakaicin zurfin teku. Kusa da shi aka sa wani, inda jirgin Titanic yake kwance tun 1912, a zurfin kusan mita 3,800, ba a gano shi ba sai a 1985. Sauran igiyar ta miƙe fayau, yara suna bin ta da ƙafa har ƙarshe. Nan ne ramin Mariana a tekun Fasifik, kusan mita 11,000. Dutsen Everest mai tsawon mita 8,849 in aka jefa shi ciki, sai ruwa ya shanye shi da ragowar kilomita biyu.

A bakin wannan ƙarshen igiya malam yake ba su labarin ranar 23 ga Janairu, 1960, da Jacques Piccard ɗan Suwizalan da Don Walsh, hafsan sojan ruwan Amurka, suka sauka can a cikin jirgin nutso mai suna Trieste. Suna zaune ne a cikin wata dunƙulalliyar ƙwaryar ƙarfe da ke rataye a ƙarƙashin ƙaton tanki cike da fetur, domin fetur ya fi ruwa rashin nauyi. Nauyin ƙarfe ne ya ja su ƙasa, da suka zubar da shi fetur ya ɗago su. Saukar ta ɗauki kusan awa biyar, wani gilashin waje ya tsage a hanya, kuma minti 20 kacal suka yi a ƙasan. Matsin ruwa a wurin ya haura tan ɗaya a kan kowane murabba'in santimita, kamar a ɗora wa mutum buhun siminti 20 a kan farcen yatsa. Ba a sake samun wanda ya koma ba sai 2012, da James Cameron, mai shirya finafinai, ya sauka shi kaɗai.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to mi ka hana ruwan shi murƙushe kifin da ke can?" Malam ya ce abin da matsi ya fi murƙushewa shi ne wurin da iska ke ciki, irin huhu ko cikin jirgi. Kifin can ƙasa jikinsa kusan duk ruwa ne, babu kogon iska, don haka matsin ciki da na waje sun yi daidai. An ɗauki hoton wani irinsu a zurfin mita 8,336 kusa da Japan a 2022. Ya kuma tuna musu da jirgin nutso na Titan da ya rugurguje a Yunin 2023 a kan hanyar zuwa ganin Titanic, mutum biyar suka rasu. Da yawansu sun ji labarin a rediyo, sai a ranar suka gane dalilin.

Ba kowace tambaya ce daga manhaja ba. Da zarar an ambaci wel, sai a tuno da ƙissar Annabi Yunusa, a tambaya ko akwai kifin da ya kai girman haka. Malam yakan ce shuɗin wel yana kai mita 30, ya fi duk wata dabba da aka sani girma, amma shi ba kifi ba ne: da huhu yake numfashi, yana haihuwa, yana shayarwa, kamar dai ayu da masunta suka sani a Neja da Binuwai. Yakan kuma ba su labarin abin da aka gani a 1977 kusa da tsibiran Galapagos, lokacin da jirgin nutso na Alvin ya tarar da maɓuɓɓugan ruwan zafi a ƙasan teku, ga dogayen tsutsotsi da ƙumba cunkus a cikin duhu. Abincinsu ba daga hasken rana yake ba, ƙwayoyin bakteriya ne ke haɗa shi daga sinadaran da ke fitowa daga cikin ƙasa. Wannan yakan rikita masu ƙoƙarin aji, domin tun firamare an koya musu cewa duk abinci daga rana yake farawa.

Sai dai abin da ya sa darasin ya zama nasu, a cikin wani kwali yake a ofishin malamai. Duwatsu ne farare da ɗalibai suka tsinto a kwazazzabai da ramukan haƙar ƙasa, wasu da siffar katantanwa a jikinsu sarai. Malam yakan matsa lemon tsami a kan ɗaya, yara su matso su ga 'yan ƙananan kumfa suna tasowa. Farar ƙasa ce, ragowar ɓawon halittun ruwan gishiri. Tsakanin shekaru miliyan 100 zuwa miliyan 50 da suka wuce, wani teku marar zurfi sosai ya sha malalowa ta tsakiyar inda Sahara take yau, ya rufe yankin Sakkwato da yammacin Nijar da gabashin Mali. Dutsen da ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina a ƙasan wannan teku ya taru. A Dange da Wurno an tono haƙoran kifin shak da ƙasusuwan kadoji da kififiya. Akwai ma wata ƙatuwar dabbar teku mai rarrafe da masana suka raɗa wa suna Goronyosaurus nigeriensis, saboda a yankin Goronyo aka samo ƙasusuwanta. Ranar da malam ya rubuta sunan a allo, sai da ya dakata aji ya lafa, domin 'yan Goronyo sun miƙe suna tafi.

Daga nan zaren ba ya yankewa. Ruwan damina da iyayensu ke jira kafin su yi shuka, tururin tekun Atilantika ne da iskar kudu maso yamma ke korowa daga mashigin Gini. Ruwan Rima kuma yana bin gulbin Sakkwato ya faɗa Neja, Neja ta kai shi tekun da ya fito, tare da duk ledar da aka jefa masa a hanya. Kuɗin wurin da kakanni suka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa, wanda har yau ake gani a kayan 'yan bori da adon masu kiɗa, ɓawon wata halitta ce da aka fi kwasowa daga tsibiran Maldibs a tekun Indiya. Hatta intanet ɗin wayoyinsu ta cikin wayoyin da aka shimfiɗa a ƙasan teku take zuwa, shi ya sa da wasu suka lalace daura da gaɓar Kodebuwa a Maris na 2024, bankuna da layukan waya suka rikice a Najeriya da maƙwabtanta.

Aikin ba ya rasa cikas. Ajin ya cika maƙil, wasu a kan taga suke zama. Lokacin cirar albasa benci yakan yi sauƙi, kuma kowace shekara akwai 'yan matan da ba sa dawowa bayan hutu. Majigi guda ne, na aro, sai an haɗa kuɗin man janareto kafin a nuna fim, in ba haka ba wayar malam ce za ta zaga layi-layi. Shugaban makarantar ya taɓa kiran malam ya tuna masa cewa jarrabawa ba igiya za ta tambaya ba. Malam ya amsa da girmamawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a duba takardunsu." A nasa ganin, yaron da ya taka igiyar da ƙafarsa ba ya mance wane sashe ne ke da haske, wane ne babu, ko da sunan Turancin ya kuɓuce masa, kuma suna ya fi sauƙin dawowa fiye da fahimta.

Ga 'yan mata yakan kawo labarin Marie Tharp, Ba'amurkiyar da aka hana shiga jiragen bincike a farkon aikinta don ita mace ce. Tana zaune a ofis da alƙaluman zurfi da maza ke kawowa, ta zana taswirar ƙasan Atilantika a shekarun 1950, ta gano doguwar tsaga a tsakiyar jerin duwatsun da ke can, abin da ya taimaka wajen tabbatar da cewa nahiyoyi suna motsi. Har yau kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na ƙasan teku aka auna dalla-dalla, saboda haka aiki bai ƙare ba.

Najeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853, tana da cibiyar binciken teku ta ƙasa a Legas tun 1975, da makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa a Oron, kuma a 2023 an kafa ma'aikata sukutum ta harkokin teku. Ana haƙo man Bonga a ƙarƙashin ruwan da ya haura mita 1,000 tun 2005, kuɗinsa kuma yana cikin kason da jihohi ke karɓa kowane wata. Malam yakan ce wa ɗalibansa waɗannan wurare ba a rubuta sunan wata ƙabila a ƙofarsu ba, abin da suke nema shi ne kiredit a lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji. A zangon da ake ciki, ƙungiyar kimiyya ta makarantar tana tara kuɗin hayar bas don kai ziyara wurin haƙar dutse na Kalambaina, kuma an riga an rubuta wa iyaye takardar neman izini.